Shekara huɗu ina rubuta wa gidajen caca talla, ni kuma ban taɓa saka ko dala ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauki waya sai hannuna yayi nauyi, don akwai waɗanda in sun karanta za su gane ni ko ban faɗi suna ba, Garwa ba ta kai girman da mutum zai ɓuya a cikinta ba. Na nemi izinin waɗanda abin ya shafa a gidanmu sunce in rubuta, sunan kowa dai ba zan kama ba.

Ni haifaffen Garwa ne a nan arewacin Kamaru. Babanmu Allah ya jiƙansa tela ne, ɗan shagonsa a kasuwa, keken ɗinki na ƙafa da rediyo rataye a ƙusa. Mutum ne da ko ludo bai yarda a shigo masa da shi gida ba, karta kuwa kar ma ayi maganarta. Ina tuna in muna tafiya kasuwa da safe muka zo daidai kiyos ɗin masu wasan doki, inda zaka ga magidanta sun duƙufa da biro a kan takarda suna lissafin dawakan da za suyi tsere can Faransa, dawakan da basu taɓa gani da idonsu ba, sai ya kama hannuna mu tsallaka ɗaya gefen titi. Bai taɓa zaunar dani yayi min wa'azi a kai ba, jan hannun ne kawai, kuma na gane.

Tun ina ƙarami Allah ya bani rubutu. Tsofaffin unguwa in za a aika wa ɗa wasiƙa Yawunde ko Duwala, ko za a rubuta takardar neman wani abu a ofishin gwamnati, ni ake kira, su faɗa da Hausa ko Fillanci ni in juya da Faransanci, a bani dala biyar ko a sa min albarka. Na ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, a 2012, na tafi jami'ar Ngaundere can Dang na karanta adabin Faransanci har na gama lisans, wato digiri na farko. Shekarar da na dawo gida, 2016, Baba ya rasu, ciwon kwana uku. Ni ne babba, ƙanne huɗu a bayana, Inna tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Nayi konkur, wato jarrabawar neman aikin gwamnati, sau uku ban ci ba. Duk wanda yayi konkur ya san abinda nake nufi, kuɗin tambur ɗin da ake manna wa takardu, kuɗin takardu, kuɗin mota, sannan kaje gaban allo kabi sunaye da yatsa har ƙasa ka sake komawa sama ko ka tsallake naka ne. Na samu koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta biyan awa awa, wani watan a biya wani watan ace ayi haƙuri iyayen yara basu kawo ba. Da lisans ɗina a cikin akwati nake miƙa hannu Inna ta bani kuɗin sabulu daga cinikin ƙosai. Wanda bai ɗanɗana wannan ba bazai gane abinda ya biyo baya ba, kuma ba wai ina wanke kaina bane.

Ana gab da fara gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a Dang ya kira ni daga Duwala yace akwai aiki, rubutu ne kawai, kai ka iya Faransanci ka san ƙwallo. Wani kamfani ne a Turai mai shafukan intanet, suna son wanda zai dinga rubuta sharhi kafin wasa, waye yaji ciwo, waye aka dakatar, yaya haɗuwarsu ta baya ta kasance. Kalma 500 yuro huɗu. Yuro ɗaya sefa 656 ne baya hawa baya sauka, to in na rubuta uku a rana na tashi da kusan dubu takwas kenan, abinda a makaranta sai nayi kwanaki ina shan alli kafin in gan shi. A ƙarshen kowane sharhi akwai wurin da zan rubuta hasashenmu, a saka kot ɗin wasan, wato sau nawa za a ninka wa mutum kuɗinsa in ya ci, a ƙasa kuma wani koren maɓalli da yake kai mutum inda zai saka kuɗi. Bazan muku ƙarya ince ban san caca bace. Tun rubutun farko na sani. Abinda na faɗa wa kaina shine ni marubuci ne, ban saka ba, ban ci ba, ban kama hannun kowa ba, kuma ai ƙasa ma ta yarda da abin tunda Kamaru tana da dokar wasannin kuɗi tun 2015. Maƙeri ya ƙera wuƙa, wanda ya yanki mutum da ita shi ya sani. Haka na dinga lallashin zuciyata har ta daina magana.

Kuɗin farko da suka shigo na sayi buhun shinkafa da jarkar mai na ɗora a moto, wato babur, na kawo gida. Inna ta tambaye ni daga ina, nace Turawa nake rubuta wa labarin ƙwallo. Ta dafa kaina tace Allah ya yiwa alƙalaminka albarka. Wannan addu'ar ta dinga maimaita ta duk wata har shekara huɗu.

A watan Maris na 2020 korona ta tsayar da ƙwallo kusan duk duniya, sai irin su Belarus da suka ƙi tsayawa, har sai da na haddace sunayen kulob ɗinsu don dole. Aikin sharhi ya mutu, sai aka ce min ko zan koma ɓangaren kazino, can ma kuɗin yafi. Ni da ban taɓa taka ƙofar kazino ba a rayuwata, sunan su Las Vegas da Monte Karlo da Makawo a takarda kawai na sansu, na zama mai rubuta wa mutane wane gidan cacar intanet ne yafi kyau. Akwai tsari da suke baka, ka fara da kyautar maraba, sai irin wasannin da suke da su, sai hanyoyin zuba kuɗi da cirewa, ka tabbata ka ambaci Orange Money da MTN Mobile Money don mutum ya san daga kan katifarsa zai iya, sai ka faɗi lasisinsu na Malta ne ko na Kurasawo, sai maki daga ɗaya zuwa biyar wanda ban taɓa bada ƙasa da huɗu ba. Akwai kalmomin da mutane suke nema a Google, dole su fito sau kaza a cikin rubutun. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe sai layi ɗaya cewa ayi wasa da hankali.

To don in iya rubutun sai da na zauna na koyi lissafin abin, kuma nan ne laifina ya ƙara nauyi don daga lokacin ba za a ce jahilci bane. Rulet, faifan nan da ake juyawa ƙwallo ta faɗa rami ɗaya, irin ta Turai ramuka 37 gareta, daga sifili zuwa 36. In ka saka a lamba ɗaya ta fito ana ninka maka sau 35 a haɗa da uwar kuɗinka, 36 kenan, alhali ramukan 37 ne. Wannan ramin guda ɗaya shine abincin gidan, kashi 2.7 cikin ɗari na duk abinda ya hau tebur, ta Amurka mai sifili biyu kuwa ya haura kashi 5. Ba sai sunyi maguɗi ba, su dai ka daɗe a zaune. Injinan nan masu juya hotuna za a rubuta maka suna mayar da kashi 96, mutum yaji kamar abin kirki, bai san ma'anarsa duk dubu ɗari da ta ratsa ta ciki dubu huɗu ta zauna ba, kuma kuɗin nan naka guda ɗaya sai ya ratsa sau da yawa a dare ɗaya har ya narke. Kyautar maraba ita tafi bani tsoro da na gane ta. Ka zuba dubu goma su ƙara maka dubu goma, amma sharaɗin sai kayi wasa da ninkin kyautar sau 35 kafin ka iya cirewa, wato sai ka juya dubu 350. Kashi huɗu na dubu 350 dubu goma sha huɗu ne. Kun gani, kafin ka cika sharaɗin a lissafi an riga an cinye kyautar har an shiga cikin naka. Ni da hannuna na rubuta wannan kyautar da manyan baƙaƙe a sama ba sau ɗari ba, sharaɗin kuma in tura shi sakin layi na shida inda na san ba mai kaiwa. Har dabarun cin rulet na rubuta, irin wadda ake cewa in an ci ka ka ninka, in an sake ci ka sake ninkawa. Wanda ya fara da sefa 500, faɗuwa goma a jere ta raba shi da dubu 511 da ɗari biyar, duk don neman ribar 500. Wannan lissafin ban saka shi a rubutun ba.

Duk da haka a lokacin masu karanta ni baƙi ne, wani a Abijan wani a Dakar wani a Kinshasa, ban san fuskar kowa ba. A 2021 ne aka bani shawarar da ta shigo da abin cikin gida. Aka ce me zai hana in karɓi lambar talla tawa ta kaina, duk wanda yayi rajista da ita ya zama nawa, ina da kashi 25 na abinda aka ci shi bayan an cire abinda ya ci, har iya zamansa a shafin. Kuma aka ce masu Faransanci sunyi yawa, amma Hausa da Fillanci fili ne ba kowa. Na buɗe gurup a WhatsApp da Telegram da sunan aro, ina tura kupon kullum, wato jerin wasannin da za a saka kuɗi a kansu, kuma da yake da yawa cikin mutanenmu karatu yana musu wuya sai na koma yin saƙon murya. Cikin wata shida na tara mutane sama da dubu, masu moto, yaran shago, mahauta, ɗalibai, daga Garwa har Gidar da Marwa da Kusiri, har 'yan Njamena.

Ina so ku fahimci wannan tsarin da kyau don shine zuciyar maganar. In mutanena sunyi nasara a wata, ni bani da komai. In an ci su, ni na samu. To wane irin kupon kuke zato mai irin wannan yarjejeniyar zai dinga turawa? Kombine, wato wasanni a haɗe da sai duk sun shiga kake ci, mai wasa takwas, goma, sha biyu, wanda za a ce saka ɗari biyu ka ɗauki dubu ɗari. Wasan da ko dai wannan ko wancan, rabi da rabi, adalcinsa kot 2.00 ne, su kuma sai su baka 1.90. A wasa ɗaya gibin kaɗan ne. Amma haɗa goma irinsa, damar ka ci ɗaya ce cikin 1024, abinda za a ninka maka kuma wajen 613 ne, kusan kashi 40 ya tafi tun ba a busa usur ba. Akwai wani daren Asabar da bazan manta ba, kupon ɗinmu wasa tara sun shiga, na goma aka farke ƙwallo a minti na ƙarshe. Gurup ya kaure da kuka da zagi da innalillahi, ni kuma na danna na tura murya ina cewa haƙuri 'yan uwa saura ƙiris, gobe tamu ce. Da na ajiye wayar sai naji wani sanyi a raina kamar an sauke min kaya. Wallahi naji shi, na kuma san dalilinsa, na tashi nayi alwala nayi sallar isha'i da abin a ƙirjina.

Kuɗi kam sun shigo. Na canja wa Inna kwanon ɗaki da yake yoyo tun Baba na da rai, na hana ta suyar ƙosai, na biya wa ƙannena makaranta, na sayi moto sabuwa, na fara biyan kuɗin fili, aka fara maganar aurena. A unguwa ana nuna ni ana cewa ga yaron da boko ya yiwa rana.

Sai gasar cin kofin Afirka ta zo Kamaru a Janairun 2022, kuma Garwa aka ba rukunin su Najeriya da Masar da Sudan da Gine Bisau. Wanda yake garin lokacin ya san yadda aka yi, mutane sun cika daga Yola da Mubi da ko'ina, hanyar filin Rumde Ajiya ba masaka tsinke, masu moto sunyi cinikin da basu taɓa yi ba. Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, ta ci Sudan uku da ɗaya, ta ci Gine Bisau biyu da nema, garin gaba ɗaya ya zama nata. Zagaye na gaba aka haɗa ta da Tunisiya a nan Garwa ranar 23 ga wata, Tunisiya da Mali ta ci ta, Gambiya ta ci ta, da kyar ta fito a ta uku, ga korona ta kwantar mata da 'yan wasa har da kocinta. Da yamma na tura murya nace wannan ko makaho ya san inda zata faɗi, wanda yake da abin sakawa ya saka. Gaskiya ni ma na zaci Najeriya zata ci. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Msakni na Tunisiya ya buga wata daga nesa ta shiga, daga baya aka ba Iwobi na Najeriya jan kati, aka tashi a haka. Garin yayi tsit kamar anyi mutuwa.

A shafin da nake duba lissafina ba a nuna sunan kowa, lamba ce kawai da abinda ya zuba da abinda aka ci shi. Akwai wata lamba da na daɗe ina lura da ita, ta fara da ɗari biyu, ɗari biyar, ta koma dubu biyar, dubu ashirin, har wanda yake kula da ni a kamfanin ya taɓa turo min saƙon taya murna wai na samu ɗan wasa mai kyau. Daren Tunisiya wannan lambar ta zuba dubu 380 a tashi ɗaya. Kasona a ciki dubu 95. Farkon Fabrairu aka biya ni kuɗin da ban taɓa samun irinsu ba.

A satin ne ƙanwata mai bi min ta haihu, ɗa namiji, haihuwar fari. Mijinta ɗan acaɓa ne, yaro mai kunya mai sallah, Yaya yake ce min, baya iya haɗa ido dani. Kwanakin nan mun ga baya fita aiki, da farko yace moto tana gareji, daga baya yace an sace. Saura kwana biyu suna ba rago ba dalilinsa, Inna ta kira ni gefe tace a rufa wa yarinyar nan asiri. Naje kasuwar dabbobi na zaɓo rago fari mai ƙaho na dubu 85, aka yanka, aka raɗa suna, mata suna ta guɗa ana cewa Allah ya bar zumunci, kowa da irin yayan da Allah ya bashi.

Daren sunan bayan mutane sun watse ya same ni a zaure. Ya durƙusa ya miƙo min wayarsa hannunsa na rawa, yace Yaya don Allah ka rubuta min saƙo da Faransanci zuwa ga mutanen nan ko za su tausaya su dawo min da ko rabi ne. Na karɓa na duba. Lambar nan ce. A ƙasanta ga lambar tallata. Da wani layin waya daban ya shiga gurup shi yasa ban gane shi ba. Kuɗin adashen 'yan tasharsu da yake riƙewa ya fara taɓawa, da ramin yayi zurfi ya jinginar da moto don ya cike shi a wasa ɗaya. Nace masa ka san waye mai gurup ɗin nan? Yace Yaya ai tun ranar farko na gane muryarka, shi yasa ma na yarda, nace tunda kai ne mai ilimi ɗan gidan mutunci bazaka kai mu inda za mu halaka ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, ko kusa, shi har lokacin bai ga laifina ba. Abinda ya ƙara da shi ne ya karya ni, yace Yaya ka taimake ni da guda ɗaya tabbatacce, irin na ciki wanda kuke ba manya, in fanshi motona. Ƙamshin suyar naman ragon yana shigowa zauren daga cikin gida, ragon da na saya da kuɗin motonsa aka yanka wa ɗansa.

Zan so ince washegari na bari, amma ba haka akayi ba. Sai da na ƙara wata biyu. Na daina tura murya amma ban rufe komai ba, kuɗin suna ta shigowa, ina ce wa kaina bari in gama biyan fili, bari ayi auren tukuna, in na bari su waye za su riƙe gidan. Barci ya ƙaurace min, in na rufe ido lambobin nan nake gani a jere ina tambayar kaina wannan kuma mijin wacece, wannan ɗan waye. Azumi ya kama a Afrilu, zafin Garwa na wannan lokacin da ko inuwa bata da amfani, ina zaune a masallaci wajen tafsiri aka zo ayoyin nan na Suratul Ma'ida, ta 90 da ta 91, inda aka haɗa giya da caca aka ce Shaiɗan so yake ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyarsu ya kuma kange ku daga ambaton Allah da sallah. Na san ayoyin tun ina makarantar allo. Amma ranar ƙanwata tana ɗakin Inna da jariri, tayi yaji sati uku kenan, 'yan adashe kuma suna sintiri a ƙofar gidan mijinta.

Bayan an tashi na bi malam gida na faɗa masa komai ban rage ba. Bai daka min tsawa ba. Yace ɗana in an ci su kai kana samu? Nace eh. Yace in sun ci fa? Nace bana samu. Yace to kai ba maƙerin wuƙa bane, kai abokin tarayya ne a teburin, kujerarka ce kawai ba a gani. Yace wanda ka san shi ka mayar masa da abinda ya shigo hannunka ta dalilinsa, wanda baka sani ba ka fitar da shi ga amfanin jama'a kar ka sa ran lada, sannan ka tuba ka rufe ƙofar gaba ɗaya kar ka bar ta a sakaye.

Faɗa wa Inna yafi min komai wuya. Tana zaune tana tsince wake bayan la'asar na zauna a gabanta na faɗa mata. Ta daɗe bata ce komai ba, sai ta ɗaga kai ta kalli rufin ɗakin tace har wannan kwanon? Nace har shi Inna. Tace shekara huɗu ina sa wa alƙalaminka albarka ban taɓa tambayar me yake rubutawa ba. Bata ƙara ko kalma ba. Bayan sallah da kwana biyu da asuba naji ƙarar kasko a ƙofar gida, ta koma suyarta, kuma ta ɗau kusan shekara bata karɓi ko sefa ɗaya daga hannuna ba.

Kafin in rufe gurup na tura murya ta ƙarshe mai tsawo, na faɗa musu yadda ake biyana, nayi musu lissafin kombine dalla dalla, nace babu wani kupon na ciki, ban taɓa samun sa ba kuma duk wanda yace muku yana da shi irin kujerata yake zaune. Wasu sunyi godiya, da yawa sun zage ni, wani yace ka ci ka ƙoshi yanzu zaka kife mana kwano, kuma bani da bakin musa masa. Na sauke duk lissafin lambobin na ajiye, nace duk wanda ya san ya shiga da lambata ya turo min tasa. Na sayar da motona, na karɓo abinda na zuba a fili. Moton surukina an riga an sayar da ita, sai wata ta hannu na samo masa, na biya 'yan adashe. Maganar aurena ta watse a wannan shekarar, iyayen yarinyar sun ga abin hannuna ya ƙare kuma labari ya kai musu, ban ga laifinsu ba.

Shi ma surukin nawa ba a rana ɗaya ya rabu da abin ba, sau biyu yana komawa a ɓoye, har ƙanwata ta kusa cewa a sawwaƙe mata. A nan na gane ba taurin kai bane kawai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka jarabar caca cikin jerin cututtuka. Abinda ya taimaka, layin da kuɗi ke shiga ya koma hannun matarsa, shi ya koma riƙe ƙaramar waya mai maɓalli, cinikin rana kuma kawunsa yake kai wa kafin magariba, ranakun manyan wasanni ni nake zuwa in zauna da shi mu sha shayi har a tashi. Yanzu ya haura shekara biyu bai taɓa ba, Alhamdulillah, yaron ma har ya shiga makarantar allo.

Rubuce rubucen da nayi kuwa suna nan a intanet, ɗaruruwa, da sunan aro. Na roƙa a goge aka ce min an biya ni, mallakarsu ne. Wani lokacin in na nemi wata kalma a Google sai in ga jimlata ta fito, in gane ta kamar yadda mutum yake gane rubutun hannunsa, in san yau ma wani zai karanta ya danna koren maɓallin nan.

Yanzu fassara nake yi wa ƙungiyoyin agaji masu aiki wajen Marwa da Mokolo, Faransanci zuwa Hausa da Fillanci, saƙonnin rigakafi da tsaftar ruwa da irinsu, da yamma kuma ina koyar da yara masu shirin bak. Abinda nake samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na da ba, wani watan ma aikin baya zuwa. Har yau ana turo min tayi, na bayan nan ninki biyu suka ce don masu rubuta musu da Hausa sunyi ƙaranci, kuma ya zo ne a satin da ake neman kuɗin makarantar autarmu. Na kwana ina kallon saƙon nan, da asuba bayan na dawo masallaci na goge shi na toshe lambar, kuɗin makarantar rance na ci.

Cikin mutum sama da dubu, 43 ne kawai suka turo min lambarsu. Na rubuta su a wani littafi, kowa da kason da na ci a kansa. Na sallami 29. Na gaba a layi wani yaro ne mai wankin moto a wajen gadar Binuwai, dubu goma sha ɗaya ce tasa, in an biya ni kuɗin fassara ƙarshen watan nan in Allah ya kaimu zan kai masa har inda yake.